Ƙawancen dole: yadda Ingila, Amurka da Rasha suka auna juna tun yaƙi bai ƙare ba

Ran 27 ga watan Yuli na shekarar 1944, mako bakwai bayan sojojin Ingila da na Amurka sun sauka a gaɓar Normandi, babban hafsan sojojin ƙasa na Ingila, Marshal Alan Brooke, ya fito daga ganawa da ministan yaƙi, ya koma masaukinsa, ya buɗe littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru kowace rana. A lokacin Hitila yana nan da ransa, Faris tana hannun Jamusawa, sojojin Rasha kuwa sun karya tsakiyar rundunar Jamus, suna dab da kogin Bistula a ƙasar Polan. Duk da haka abin da ya dami Brooke a daren nan shi ne abokiyar yaƙinsa. Ya rubuta cewa Jamus ta daina zama mai faɗa a ji a Turai, Rasha ce ta gaje ta, kuma nan da shekara 15 ita ce za ta zama babbar barazana. A ganinsa bai kamata a daddatsa Jamus ba. Gara a rarrashe ta sannu a hankali har ta shigo sahun ƙasashen yamma, amma a yi haka a asirce, ana ci gaba da kiran Rasha aminiya.

Brooke ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba. A shekarar nan ta 1944, a Landan da Washinton da Mosko, an zaunar da manyan ma'aikata da hafsoshi, an ɗora masu aiki iri ɗaya: su hango abin da abokin yaƙi zai nema ranar da aka kayar da Jamus, da abin da yake jin tsoro, da kuma iyakar inda zai tsaya. An ɓoye takardunsu shekaru da yawa. Yanzu da aka buɗe su, ana iya jera su kusa da abin da ya auku, a ga inda suka dace da inda suka kauce.

Abin da ya haɗa su

Ba ƙauna ce ta haɗa Ingila da Tarayyar Sobiyet ba, wadda aka fi sani da Rasha. Bayan juyin gurguzu na 1917, Ingila ta aika da soja da makamai don a kifar da sabuwar gwamnatin, kuma Winston Cocil, wanda yake ministan yaƙi a 1919, yana kan gaba wajen zuga haka. Ita ma Rasha, ran 23 ga Agusta 1939, ta ƙulla yarjejeniya da Hitila, suka raba Polan a tsakaninsu. Sai da Jamus ta auka ma Rasha ran 22 ga Yuni 1941 sannan tsofaffin abokan gaban suka tsinci kansu cikin rami guda.

Stalin bai ɓoye buƙatarsa ba. A watan Disamba 1941, lokacin da Jamusawa ke ƴan kilomitoci daga Mosko, ministan harkokin wajen Ingila Anthony Eden ya kai masa ziyara da nufin a yi maganar yaƙi, sai ya tarar mai masaukin nasa ya riga ya shirya maganar rabon gado. Stalin ya nemi Ingila ta amince da iyakokin da Rasha take da su kafin harin Jamus, wato har da Estoniya, Latbiya, Lituwaniya, wani yanki na Finlan da wani na Rumaniya, ga kuma gabashin Polan. Eden ya kauce. Ran 26 ga Mayu 1942 aka sa hannu kan ƙawance na shekara 20, ba tare da an ambaci iyaka ba.

Bayan da rundunar Jamus ta miƙa wuya a Stalingrad ran 2 ga Fabrairu 1943, kowa ya gane Rasha ba za ta faɗi ba, kuma sojojinta za su kai tsakiyar Turai da ƙafafunsu. Alamun da ke fitowa daga Mosko kuwa suna karo da juna. A watan Afrilu 1943 ta yanke hulɗa da gwamnatin Polan mai gudun hijira a Landan, saboda gwamnatin ta nemi a yi bincike kan kaburburan dubban hafsoshinta da aka gano a dajin Katin. A watan Mayu kuma ta rushe Komintan, ƙungiyar da ke haɗa jam'iyyun gurguzu na duniya, abin da mutane da yawa suka ɗauka alamar ta haƙura da yaɗa juyi. Mai son kyautata zato ya sami hujjarsa, mai munana shi ma ya sami tasa.

Landan: masu duba niyya da masu duba ƙarfi

A ƙarshen watan Afrilu 1944 ma'aikatar harkokin wajen Ingila ta fitar da takarda kan manufar da Rasha za ta bi bayan yaƙi. Ta ce Rasha za ta fito a gajiye, tana buƙatar aƙalla shekara biyar don gyaran abin da ya rushe, da ƙarin shekaru masu yawa don raya ƙasa, saboda haka ba za ta nemi wani babban yaƙi ba. Babban abin da ke ranta shi ne kada Jamus ta sake miƙewa. Muddin ta tabbata Ingila da Amurka suna tare da ita kan wannan, za ta gwada zama lafiya da su.

Hafsoshin soja suka ce wannan fata ce kurum. Aikin soja, in ji su, shi ne ya duba abin da maƙwabci zai iya yi, domin niyya tana canzawa a dare ɗaya, amma tankoki da jiragen sama suna nan inda suke. In an kawar da Jamus, ƙasa ɗaya ce tak a Turai da za ta iya yi ma Ingila illa. Don haka kwamitin da aka kafa don tsara al'amuran bayan yaƙi, wanda ke ƙarƙashinsu, ya soma rubuta sunan Rasha a fili a matsayin abokiyar gaba ta gobe, har yana nazarin amfanin da za a iya samu daga yammacin Jamus in rana ta ɓaci.

Jami'an diflomasiyya suka firgita. Hujjarsu ita ce irin wannan magana ba ta ɓoyuwa, kuma ranar da ta shiga kunnen Stalin, abin da ake gudu shi zai faru: zai tabbata ana shirya masa maƙarƙashiya, ya ƙara ƙanƙame abin da ke hannunsa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa jari da wani ya san wannan matsala. In bai duba littafin abokinsa ba, ana iya cutarsa; in kuwa abokin ya kama shi yana dubawa a ɓoye, amana ta ƙare ke nan. Gardama ta yi zafi har sai da Eden ya zauna da hafsoshin a watan Oktoba 1944, aka daidaita cewa za a ci gaba da nazarin, amma a taƙaita masu ganin irin waɗannan takardu.

Takardar da ta fi kowace nauyi ta fito ran 18 ga Disamba 1944 daga Kwamitin Haɗin Gwiwa na Leƙen Asiri, wanda Victor Cavendish-Bentinck ke shugabanta. Kwamitin ya yi ƙoƙarin duba duniya da idon Mosko. Ya ce Rasha za ta nemi cikakken tsaro, ta yadda ba za a sake yaƙi a cikin ƙasarta ba. Za ta mai da Finlan, Polan, Cekoslobakiya, Hangari, Rumaniya da Balgeriya garkuwarta, Yugoslabiya ma haka amma ba sosai ba. Za ta sa ido kan tekun Bahar Aswad da mashigin Turkiyya da arewacin Iran, saboda rijiyoyin manta na yankin Kokas suna kusa da nan. Za ta gwada haɗa kai da Ingila da Amurka, amma in ta ga alamar ana gina Jamus don a tunkare ta, za ta juya, ta yi amfani da jam'iyyun gurguzu na ƙasashen waje, ta kuma ƙara matsa ma maƙwabtanta.

Tarihi yana bayan wannan hasashe. Ta filayen Polan Napoliyon ya bi ya shiga Rasha a 1812, ta nan Jamusawa suka bi a yaƙin duniya na ɗaya, ta nan kuma suka sake bi a 1941. Yaƙin ƙarshe ya ci ma Tarayyar Sobiyet rayuka kimanin miliyan 27. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Washinton: ɗan tsakiya

A Amurka ma an sami masu gargaɗi. William Bullitt, jakadan Amurka na farko a Mosko, ya rubuta ma shugaba Rusbelt doguwar wasiƙa a watan Janairu 1943, yana cewa Stalin zai miƙe ƙafa har inda aka bar shi, don haka a sa masa sharuɗɗa tun yana buƙatar taimako. Rusbelt bai bi shawarar ba. Ya san cewa mafi yawan sojojin Jamus suna mutuwa ne a fagen gabas, yana kuma son Rasha ta shiga yaƙi da Japan, ta kuma shiga Majalisar Ɗinkin Duniya da yake shirin kafawa.

Hafsoshin Amurka sun bayyana nasu ra'ayi a wata wasiƙa da Admiral William Leahy ya aika ma sakataren harkokin waje Cordell Hull ran 16 ga Mayu 1944. Sun ce bayan yaƙi manyan ƙasashe uku ne za su rage, kuma in za a sake gwabzawa, tsakanin Ingila da Rasha ne za a yi. In haka ta faru, Amurka tana iya kare tsibirin Ingila, amma ba za ta iya cin Rasha da yaƙi ba. Saboda haka aikin Amurka shi ne ta hana abokanta biyu faɗa. Wato a tsakiyar 1944 sojojin Amurka sun ɗauki ƙasarsu a matsayin mai rabon faɗa. Ba su hango cewa ita ce za ta zama ɗaya daga cikin ƴan damben ba.

Rusbelt da kansa ya ƙarfafa wannan fahimta. A taron Yalta, cikin watan Fabrairu 1945, ya gaya ma Stalin da Cocil cewa ba ya jin majalisar dokokin ƙasarsa za ta yarda sojojin Amurka su wuce shekara biyu a Turai bayan yaƙi. Cocil ya ji maganar da faɗuwar gaba, domin ya tuna yadda Amurka ta tattara nata ya nata ta koma gida bayan 1919. Dalilin da ya sa ya dage ke nan a ba Faransa yankinta cikin Jamus, don kada a bar Ingila ita kaɗai gaban Rasha.

Mosko: nasu lissafin

Su ma mutanen Stalin ba su zauna haka nan ba. A watan Janairu 1944 Ivan Maisky, wanda ya yi shekara 11 yana jakada a Landan, ya miƙa ma ministan harkokin waje Molotov wata doguwar takarda. Burin Rasha, in ji shi, shi ne ta sami zaman lafiya na shekara 30 zuwa 50, kuma tana buƙatar kimanin shekara goma kafin raunukanta su warke. A mamaye Jamus, a raba ta, a ƙwace makamanta, a sa ta biyan diyya. A Turai kada a bar wata ƙasa mai ƙarfin sojan ƙasa sai Rasha, kada kuma a bar mai ƙarfin teku sai Ingila. Faransa ta farfaɗo, amma kada ta koma ga ƙarfin sojanta na da. Wata 11 bayan wannan takarda, ran 10 ga Disamba 1944, Janar Digol ya ƙulla ƙawance da Stalin a Mosko, bai san abin da aka rubuta game da ƙasarsa ba.

Game da abokan yaƙi, Maisky ya ce Ingila za ta fito a talauce, ba ta da wani buri sai riƙe abin da ta mallaka. Amurka kuwa za ta fito da ƙarfi da yunwar kasuwa, za ta bazu cikin duniya da kuɗi da kaya maimakon mamaye ƙasa. Daga nan ya yanke cewa babbar rigimar bayan yaƙi za ta kasance tsakanin Amurka da Ingila, kan kasuwanni da man fetur da ƙasashen mulkin mallaka, kuma Ingila za ta riƙa neman Rasha don ta rage nauyin Amurka. Akidar gurguzu ce ta sa masa wannan tabarau, domin tana koyar da cewa ƴan jari-hujja ba sa daɗewa ba su yi faɗa kan riba ba.

A watan Nuwamba 1944 Maxim Litvinov, tsohon ministan harkokin waje, ya zana yadda za a raba Turai cikin ruwan sanyi. Rasha ta ɗauki Finlan, Suwidin, Polan, Hangari, Cekoslobakiya, Rumaniya, ƙasashen Slab na yankin Balkan da Turkiyya. Ingila ta ɗauki Holan, Beljiyam, Faransa, Sifen, Fotugal da Girka. A bar Norwe, Denmak, Jamus, Ostiriya da Italiya a tsakiya, ba na kowa ba. Amurka ba ta sami kaso ba cikin wannan rabo, domin Litvinov ya ɗauka ba ta da abin nema a Turai. Andrei Gromyko, matashin jakadan Rasha a Washinton, shi ne ya rubuto a watan Yuli 1944 cewa Amurka ta rabu da zaman kaɗaici, za ta ci gaba da sa hannu cikin al'amuran duniya. Amma shi ma ya sa ran za ta yi haka ne cikin haɗin kai da Rasha.

Shugabannin da kansu sun gwada irin wannan rabo. Daren 9 ga Oktoba 1944, a fadar Kremlin, Cocil ya ɗauki guntun takarda ya rubuta: Rumaniya, kashi 90 cikin 100 na Rasha, Girka, kashi 90 na Ingila, Balgeriya, kashi 75 na Rasha, Yugoslabiya da Hangari, rabi da rabi. Ya tura ma Stalin, shi kuwa ya sa alamar amincewa da shuɗin fensir. Babu ɗan Rumaniya ko ɗan Girka ko ɗaya a ɗakin.

Ranar da aka buɗe buhu

Jamus ta miƙa wuya ran 8 ga Mayu 1945. Kwana huɗu bayan haka Cocil ya aika ma sabon shugaban Amurka Harry Truman waya, yana kukan cewa an saki labulen ƙarfe a gaban rundunar Rasha. A cikin watan nan ne ya umarci masu tsara yaƙi su duba ko za a iya tilasta ma Rasha da ƙarfi ta sakar ma Polan mara. Rahotonsu na 22 ga Mayu ya ɗauki 1 ga Yuli 1945 a matsayin ranar farawa, da manyan rundunoni 47 na Ingila da Amurka, har da yiwuwar sake ba wasu sojojin Jamus makamai. Hafsoshi, cikinsu har da Brooke, suka ce abin ba zai yiwu ba, domin Rasha ta fi su yawan soja nesa ba kusa ba. Aka rufe takardar, ba a buɗe ta ga jama'a ba sai a 1998.

Ta fuskar taswira, kwamitin leƙen asirin Ingila ya dace ƙwarai. Ƙasashen da ya lissafa su ne suka zama garkuwar Rasha. A watan Yuni 1945 Molotov ya nemi Turkiyya ta ba da lardunan Kars da Ardahan da sansani a mashigin teku. A Iran, sojojin Rasha sun ƙi fita ran 2 ga Maris 1946 kamar yadda aka yi alkawari, sai a watan Mayu suka janye. Abin da ya zo ba zato shi ne buƙatar da Molotov ya gabatar a taron Landan na watan Satumba 1945, cewa a damƙa ma Rasha riƙon yankin Tarabulus na Libiya, garin da fataken Damagaram da Agadas suka daɗe da sanin hanyarsa. Ernest Bevin, sabon ministan harkokin wajen Ingila, ya ƙi sam, domin a ganinsa wannan yanke hanyar Ingila ce zuwa gabas.

Brooke ma ya dace, sai dai ya yi kuskuren lokaci. Ya ce shekara 15. Ba a cika biyar ba aka kafa ƙungiyar tsaro ta OTAN ran 4 ga Afrilu 1949, kuma a watan Mayu 1955 Jamus ta Yamma ta shiga cikinta. Hasashen cewa Rasha ba za ta nemi babban yaƙi ba ya tabbata. Ko lokacin da ta toshe hanyoyin Balin, daga Yuni 1948 zuwa Mayu 1949, ba ta harbo jiragen da ke kai abinci ba. Maisky ya faɗi gaskiya game da talaucin Ingila da ƙarfin dalar Amurka.

Inda hasashe ya kauce

Kuskure na farko, kuma mafi girma, game da Amurka ne. Landan ta ji tsoron za ta tafi, Mosko ta sa ran za ta tafi, Rusbelt ya ce za ta tafi, sai ga shi ta zauna. A watan Fabrairu 1947 Ingila ta sanar da Washinton cewa aljihunta ya bushe, ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin Girka da Turkiyya ba. Ran 12 ga Maris Truman ya karɓi kayan. A watan Yuni aka sanar da shirin Marshall, wanda ya zuba kimanin dala miliyan dubu 13 a yammacin Turai. Rigimar da Maisky ya jira tsakanin Ingila da Amurka ba ta zo da girman da ya zata ba. Sun yi tsamin dangantaka kan bashi, kan Falasɗinu, daga baya kan mashigin Suwez a 1956, amma tsoron Rasha ya fi ƙarfin kishin kasuwa.

Na biyu shi ne makamin ƙare-dangi. Mafi yawan waɗanda suka rubuta takardun 1944 a Landan da Washinton ba su san ana ƙera shi ba. Da aka jefa shi a Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945, ma'aunin da aka auna ƙarfi da shi ya canza baki ɗaya. Daga nan aka shiga wani sabon hasashen: yaushe Rasha za ta sami nata? Janar Leslie Groves, wanda ya jagoranci aikin a Amurka, ya ce sai an yi shekara 20. Masu leƙen asirin Amurka sun fi sa rai da tsakiyar 1953. Rasha ta gwada nata ran 29 ga Agusta 1949.

Na uku ya fi wuyar gani. Ingila da Amurka sun yarda Rasha ta sami maƙwabta masu ƙaunarta, suna nufin gwamnatocin da jama'a suka zaɓa waɗanda ba za su yi mata zagon ƙasa ba. A Finlan haka ta yiwu. A Polan da Rumaniya kuwa, zaɓe na gaskiya ba zai ba da gwamnatin da Stalin zai amince da ita ba, shi ma ya san haka. Don haka garkuwar da takardun suka hango ta zo da ƴan sandan ciki, da kama ƴan adawa, da maguɗin zaɓe, har zuwa ƙwace mulki a Cekoslobakiya a watan Fabrairu 1948. Masu hasashe sun ƙirga ƙasashen daidai, amma ba su auna yadda za a riƙe su ba, ba su kuma auna yadda jama'ar Amurka da Ingila za su ji in sun gani ba.

Kowane ɓangare ya nazarci tsoron ɗan'uwansa da kyau, amma ya manta cewa shi ma abin tsoro ne. Molotov ya nemi bashin dala miliyan dubu 6 daga Amurka a watan Janairu 1945, ba a ba shi amsa mai ma'ana ba. A watan Mayu kuma aka dakatar da jiragen ruwan da ke kai ma Rasha kayan taimako ba sanarwa, har aka juyo da wasu daga tsakiyar teku, kafin a gyara umarnin. A Washinton an ɗauki abin bin doka da kuskuren ofis. A Mosko an ɗauke shi matsin lamba. Ita ma Rasha, duk takun da ta yi don ta ji ta tsira, a Turkiyya ko a Iran, yamma ta karanta shi a matsayin somin-taɓi. Litvinov da kansa ya gaya ma wani ɗan jaridar Amurka a watan Yuni 1946 cewa shugabannin ƙasarsa sun koma ga tsohon tunanin auna tsaro da faɗin ƙasa, kuma in aka biya masu buƙatunsu na yau, gobe za su zo da wasu. Kafin shekarar ta ƙare aka sauke shi.

Tsoron da jami'an Eden suka yi na cewa magana za ta fita kuwa yana da tushe fiye da yadda suka sani. A 1944 Donald Maclean yana ofishin jakadancin Ingila a Washinton, Guy Burgess yana cikin ma'aikatar harkokin waje a Landan, Kim Philby yana hukumar leƙen asiri, dukansu kuma suna yi ma Mosko aiki. Maclean da Burgess sun tsere a watan Mayu 1951, Philby ya bi su a 1963. An yi ta gardama kan wane ne ya cancanci ganin takardun sirri, alhali ɓera yana cikin rumbu.

Ran 22 ga Fabrairu 1946 George Kennan ya aiko da doguwar wayarsa daga ofishin jakadancin Amurka a Mosko, yana cewa ba za a sami zaman amana da gwamnatin Stalin ba, sai dai a tsare ta da haƙuri. A watan Maris kwamitin leƙen asirin Ingila ya sake rubuta hasashensa da kakkausan harshe. A watan Satumba jakadan Rasha a Washinton, Nikolai Novikov, ya aika gida da tasa, yana cewa Amurka na neman mallakar duniya. Daga nan aka daina hasashen aboki, aka koma hasashen abokin gaba, aka shiga yaƙin cacar baka na sama da shekara 40.

Sojojin Rasha na ƙarshe sun bar Jamus a watan Agusta 1994. Na Amurka, waɗanda aka ce ba za su wuce shekara biyu ba, suna can har yau. Cikin ƙasashen da Litvinov ya rubuta a kason Mosko, Turkiyya ta shiga OTAN tun 1952. Polan, Hangari da Jamhuriyar Cek suka shiga a 1999. Rumaniya, Balgeriya da Slobakiya a 2004. Bayan da Rasha ta auka ma Yukren a watan Fabrairu 2022, Finlan ta bi sahu a 2023, Suwidin kuma a 2024. Su ma waɗannan ƙasashe, da ba a tambayi ra'ayinsu ba a 1944, sun daɗe suna nasu hasashen game da babbar maƙwabciyarsu.